Si Jilali da Na'urar Nuna Hanya

Duk wanda ya taɓa zama a kujerar askin Si Jilali a garinmu Tarudant ya san abu biyu ake yi masa a wurin: aski da labari. Askin dai ba laifi. Labarin ne azaba, domin mutum ba ya iya tashi ya gudu alhali aska tana kan maƙogwaronsa. A wannan kujerar aka ji cewa Si Jilali ya taɓa haye dutsen Tizin Test a kan keke bai sauke ƙafa ba, da azumi a bakinsa, yana kuma amsa waya. Mu da muke fita hawan keke da shi kowace Lahadi mun san a tsakiyar ayari yake laɓewa, bayan wanda ya fi kowa faɗin baya, don kada iska ta taɓa shi.

Abin da ransa ya daɗe yana so shi ne usur ɗin jagora. Wani tsohon usur ne na tagulla da ke rataye a wuyan Alhaji Mubarak, shugaban ƙungiyarmu. Mai usur shi ke gaba, shi ke cewa a tsaya ko a tafi, shi ake fara zuba wa shayi in an yada zango. To sai ga shi gwiwar Alhaji ta gaza, ya ce zai ajiye. Mutum biyu ne suka miƙa wuya a rataya musu: Si Jilali, da Bushaib mai gidan burodi, wanda ba ya yawan magana, amma in ya yi guda ɗaya sai ta kwana tana yi wa mutum ƙaiƙayi.

A lokacin itatuwan lauz, masu ƙwaya kamar gyaɗa, sun yi fure, Alhaji ya gayyaci ƙungiya cin abincin rana a Ait Mazuz, ƙauyen iyayensa da ke kan dutse. Bushaib ya ce a bi kwalta kamar yadda aka saba, ko da tana da zagaye. Si Jilali ya murza gashin baki ya ce kwalta ta 'yan tasi ce da masu ciwon baya, shi ya san wata hanyar yanke da za ta kai mu burodi bai huce ba.

Alhaji ya dube shi ya ce, "Si Jilali, ka kawo min su kafin a kira Azahar, usur naka ne. In ka makara, ni na san wuyan da zan rataya wa."

Si Jilali bai san wata hanyar yanke ba. Bakinsa ne ya riga shi, kamar kullum. Amma ya ji ana cewa akwai wata na'ura da ake ɗaura wa keke, tauraron ɗan'adam yana gaya mata hanya, ita kuma tana gaya wa mai ita. Washegari ya rufe shago ya hau mota sai babbar kasuwar Agadir.

Mai shagon ya fito masa da wata 'yar ƙarama, ya ce ita mahaya dutse suka fi saye, taswirar ƙasarmu tana ciki har da hanyoyin ƙauye. Si Jilali ya juya ta a tafin hannu ya ce shi bai zo Agadir sayen kwalin ashana ba. Idonsa ya faɗa kan wata ƙatuwa a bayan gilashi, mai fuska mai launi, wadda in an taɓa ta take yin 'yar waƙa. Mai shagon ya ce wannan ta hannu ce, daga Beljiyam aka zo da ita, kuma taswirar can ce a cikinta, sai dai ya bar ta zuwa gobe a sa mata ta gida.

"Ka cire ta Turawa ka sa min ta gida?" in ji Si Jilali. "Ɗan'uwa, ka taɓa ganin rami a hanyar Beljiyam? Bar min ita yadda take."

Mai shagon ya buɗe baki zai yi bayani, ya dubi gashin bakin, ya fasa. Ya naɗe masa ita a leda.

A gida Si Jilali ya kunna ta a tsakar gida. Ta yi waƙarta, sannan ta nuna wata 'yar kibiya ita kaɗai a tsakiyar fili fetal, ba titi, ba gida, ba ko bishiya. Matarsa Lalla Zuhur ta leƙo ta kafaɗarsa ta tambaya ina Tarudant ɗin. Ya ce tana zuwa. Ya yi ta jan fuskar da yatsa har wasu tituna suka bayyana can sama, da sunayen da harshensa ya kasa juyawa. Lalla Zuhur ta ce to ya kai su Beljiyam ɗin mana, ƙanenta yana can, zai ba su masauki.

Ya shige ɗaki ya kira mai shagon, yana magana ƙasa-ƙasa. Mai shagon ya ce abin da sauƙi: ya danna jan maɓallin, ya bi hanyar sau ɗaya da kansa, na'urar za ta zana layi, ranar tafiya sai ya bi layin. Si Jilali ya leƙa taga ya dubi duwatsun, ya sunkuya ya dubi tumbinsa.

Ranar Asabar sai ga Ammi Lahsan ya shigo aski. Ammi Lahsan tsohon ɗan koli ne, kowace Lahadi yakan ɗora wa jakinsa mangala cike da allura da zare da sabulu da lalle, ya bi ta bayan duwatsu har Ait Mazuz. Si Jilali ya ji kamar an buɗe masa taga. Ya yi masa askin da bai taɓa yi wa ango ba, ya fesa masa turare, ya ƙi karɓar ko sisi. Sannan ya roƙe shi wata 'yar alfarma, ya sa wannan akwatin a cikin mangala gobe, ya je da shi ya dawo da shi. Ammi Lahsan ya ce ai ba nauyi, jakin ba zai ma san da shi ba.

Wannan Lahadin Si Jilali ya aiko mana cewa ya tafi duba hanya shi kaɗai. A ɗaki ya wuni, tagogi a rufe. Ran Litinin ya fito shago yana ɗingishi, yana ba masu zuwa aski labarin kwazazzaban da ya tsallaka da keke a kafaɗa. Na'urar kuwa ta dawo da layi shuɗi shar, daga Tarudant har Ait Mazuz. Lalla Zuhur ta ce ita layin ya yi mata kama da hanjin kaza. Ya ce haka hanyar dutse take, mace ba za ta gane ba.

Ranar tafiya muka hallara da safe a bakin ganuwa, kowa da hular kwano da ɗamammen gajeren wando. Alhaji Mubarak ya riga ya wuce da mota ta kwalta don ya tsaya a kan girki. Si Jilali ya ɗaure na'urar tsakanin hannuwan kekensa, ya bar mu muka zagaye ta muna kallo, ya hana kowa taɓawa. Ya ce daga yau an daina tambayar makiyaya hanya. Ya danna, ta yi waƙa, muka tashi.

Layin bai fita ta ƙofar gari ba. Ya kai mu bayan kasuwa, ya kutsa cikin garken da ake ɗaure jakai, ya zagaya kwamin ruwa, ya tsaya cak. Muka tsaya mu ma, jakai suna kallonmu. Si Jilali ya sha jinin jikinsa, amma ya yi ta maza ya ce wannan ɗumama jiki ne, haka ƙwararru suke farawa. Bushaib ya daɗe yana kallon kwamin.

Daga nan layin ya bar kwalta ya gangara cikin busasshiyar ƙorama. Tayoyi suka nutse a yashi. Muka sauka muka saɓa kekuna a kafaɗa, takalmanmu masu ƙarfe a ƙasa suna zamewa a kan tsakuwa. Si Jilali yana gaba yana haki, yana cewa a Turai kuɗi ake biya a yi irin wannan. Can layin ya karkata hagu zuwa wani ɗan tsibirin ciyawa, ya yi da'ira, ya dawo. Muka bi shi. Can gaba ya karkata dama zuwa wata ciyawar. Muka sake bi.

"Si Jilali," in ji Bushaib, "wannan tauraron naka kiwo yake yi?"

"Yana kauce wa wuri mai haɗari ne."

"Na ga duk inda ya kauce akwai ciyawa. Ga kuma abin da yake bari a baya." Ya nuna wasu 'yan dunƙule-dunƙule a kan yashi, sababbi, har suna tururi.

Si Jilali ya ce shi ba zai tsaya gardamar kimiyya da mai kwaɓa fulawa ba. Amma sai a lokacin ya tuna yau ma Lahadi ce, ranar da Ammi Lahsan ke bin hanyar nan.

Da muka hau tudu muka shiga ƙauyen farko, nan abin ya fara wari. Ɗan koli ba ya ratsa ƙauye ya wuce, gida-gida yake bi. Layin ya nufi ƙofar farko ya tsaya. Si Jilali ya tsaya, ya dubi na'ura, ya gyaɗa kai kamar abin da ya yi tsammani ke nan. Layin ya tsallaka zuwa ƙofar da ke kallonta. Ya dawo ta uku. Mu kuwa garada ɗai-ɗai har goma sha wani abu, cinyoyi a waje, muna biye da shi daga wannan ƙofa zuwa waccan. Mata suka ja mayafi suna leƙe ta saman soro. Wata ta ce wa maƙwabciyarta ita ba ta taɓa ganin Lahadi irin ta yau ba, ɗazu mai allura, yanzu kuma maza marasa wando.

Mai unguwa ya fito yana gyara jallabiya. Ya ga mutum mai gashin baki yana tsayawa a kowace ƙofa yana duba akwati, sai ya yanke cewa gwamnati ce ta tuna da su, ta aiko masu awon titin da aka daɗe ana yi musu alkawari. Ya kama hannun Si Jilali da hannu biyu ya ce, "Marhaban da Sidi Injiniya."

Da Si Jilali yana da rabo, da nan ya ce a'a. Amma tunda uwarsa ta haife shi ba a taɓa ce masa injiniya ba, kuma kalmar ta yi masa daɗi har cikin ƙashi. Ya yi gyaran murya ya ce aikin dai yana matakin farko.

Nan da nan aka shimfiɗa darduma, aka kawo shayi da na'ana'a da burodi da man argan, wanda ake matsewa daga ƙwallon wata bishiyar yankinmu. A ƙasarmu ba a tashi a kan kofin farko, kuma wanda ya ƙi na biyu ya zagi mai gida. Rana tana hawa, Bushaib yana kurɓa a hankali yana duban inuwa. Si Jilali kuwa ya miƙe ƙafa yana bayanin faɗin titin da inda za a sa fitilu. Wani mai shago ya riƙe masa hannun dama ya ce lallai titin ya bi ta ƙofarsa. Maƙwabcinsa ya riƙe na hagu ya ce in aka taɓa masa katanga sai dai a bi ta kan gawarsa. Suka ja, ya yi nan, ya yi can, har hannun rigarsa ya ce ɓarak. Da ƙyar ya fizge ya ce akwati ne ke yanke hukunci, ba shi ba, a bari a ga inda zai nuna.

Ƙauyen duka ya biyo mu a baya. Layin ya miƙe ya shige wani zaure, ya ratsa tsakar gida. Gidan yayar Ammi Lahsan ne, inda yakan shiga da jakinsa ya sha shayi ya fita ta ƙofar baya. Tsohuwar tana zaune tana fasa ƙwallon argan sai ta ga maza da kekuna a kanta, mai unguwa yana sanar da ita cikin alhini cewa titi ta tsakar gidanta zai bi.

Ba ta yi gardama ba. Ta ajiye dutsen hannunta, ta ɗauki tsintsiya mai dogon kota, ta tambaya wanne ne injiniyan. Bushaib ya matsa gefe cikin ladabi don ta gan shi sosai.

Ta ƙofar baya muka fita, ta cikin awaki, Si Jilali a gaba, kuma wannan ne karo na farko a tarihin ƙungiya da ya tsere wa kowa. Hular kwanonsa ta yi masa rana. Muna jin muryar tsohuwar har muka sha kwana, tana cewa ya gaya wa gwamnati ta zo da kanta.

A bayan ƙauyen layin ya bi wata siririyar hanya a gefen dutse, lafiya lau, har wasu suka fara cewa wataƙila an wuce wahalar. Sai kwatsam ya haukace. Ya yi hagu, ya yi dama, ya faɗa gangare, ya ratsa shingen ƙaya. Muka tsaya muna tambaya me zai sa hanya ta yi haka. Si Jilali ya buɗe baki zai kawo dalili, sai dalilin ya fito da kansa daga bayan wani garke: karnukan makiyaya, manya, masu yankakken kunne. Su ne suka kori jakin makon jiya, kuma ba su canza ra'ayi ba.

Ban san yadda aka yi ba, amma mun bi layin nan daidai, hagu da dama da gangaren da shingen, ba wanda ya dubi na'ura. Da muka tsaya a ƙasan kwari babu keken da tayarsa ba ta sace ba. Aka zazzauna ana faci, ana cire wa juna ƙaya a wuraren da ba a faɗa. Muna cikin haka iska ta kawo mana kiran sallar Azahar daga can saman dutse, siriri, a sarari.

Si Jilali ya ce wannan ladanin agogonsa yana gudu. Bushaib ya ce haka ne, ga rana ma ta haɗa baki da shi.

Sai bayan La'asar muka shiga Ait Mazuz, muna tura kekuna, yunwa ta sa ba mai iya zagi. Mutanen ƙauye sun taru a dandali tun hantsi don su tarbi baƙin Alhaji, masu ganga har sun gaji sun zauna. Da suka hango mu suka miƙe suka ɗauki kiɗa. Alhaji Mubarak ya taso yana dogara sanda, usur a wuyansa, ya miƙa hannu.

Si Jilali bai gan shi ba. Ya ƙudura a ransa cewa ko ya makara, zai nuna wa duniya na'urarsa ta kai shi daidai wurin da aka nufa, taku bai kuskure ba. Idonsa a kan kibiya, ya wuce hannun Alhaji, ya wuce masu ganga, ya wuce dardumar da aka jera tukwanen tajin, dahuwar nama da kayan lambu. Jama'a suka dare suna ba shi hanya. Ya zagaya bayan masallaci, kowa na biye, ya nufi gindin wani itacen lauz. Na'urar ta saki waƙarta mafi daɗi, alamar an iso.

"Ga shi," in ji Si Jilali da ƙarfi, ya ɗago kai.

Abin da ke gabansa, kusa da hancinsa, gindin jaki ne. Jakin ya waiwayo ya dube shi yana tauna, ya kaɗa wutsiya.

Daga gefe Ammi Lahsan ya taso, yana suɗe yatsu, don tun kafin Azahar ya iso kuma an ce kada abinci ya lalace. Fuskarsa cike da murna ya ce, "Si Jilali, ashe kuna tafe. Akwatin ya yi maka aiki? Wallahi ban cire shi daga mangala ba, duk inda jakin ya sa ƙafa da shi ya sa. Ka yi haƙuri da wajen karnukan nan, ba laifina ba ne. Da ka gaya min yau za ku zo ai da mun taho tare."

Kiɗa ya tsaya. Sai wani a cikinmu ya fara wata irin shessheka, daga nan dandalin ya ɓarke. Bushaib, wanda ban taɓa ganin haƙoransa ba, ya rungume itacen lauz yana hawaye. Ni kaina na so in tausaya wa Si Jilali, don na ga yadda idonsa ya maƙale a kan usur ɗin nan, amma ƙayar da ke jikina ta hana.

Si Jilali ya fara kame-kame. Ya ce su ƙwararru sukan aika a gwada hanya tukuna. Ya ce ko a Beljiyam ana yin haka. Da ya ga ba mai saurare, ya ɗaga murya ya ce, "Sidi Alhaji, a yi adalci. Jakai nawa ne a Tarudant? Wa ya zaɓo wannan?"

Alhaji Mubarak ya goge ido da gefen rawani. Ya ce magana ta gaskiya Si Jilali ya faɗa, kuma shi alkawari ya yi: wanda ya san hanyar yanke, ya kuma iso kafin Azahar, shi ke da usur. Ya cire shi daga wuyansa, ya taka a hankali, ya wuce Bushaib, ya wuce Si Jilali da ya riga ya ɗan sunkuyar da kai, ya rataya wa jakin.

"Kai kuma, Si Jilali," in ji shi, "tunda kai ka zaɓo shi, kai ne mataimakinsa. Wurinka a bayansa yake, na ga ka riga ka samu."

Daga baya Ammi Lahsan ya ciro usur ɗin ya ba Bushaib ya riƙe, ya ce jakin ba ya samun sukuni ran Lahadi. Har yau in Bushaib zai busa sai ya ce a madadin jagora yake yi.

Si Jilali ya koma tsakiyar ayari, bayan mai faɗin baya. Na'urar tana nan a shagonsa a kan kanta, kusa da kwalbar turare. In baƙo ya zauna a kujera, aska ta hau maƙogwaronsa, yakan ji labarin yadda Si Jilali ya taɓa horar da jaki ya koyi karatun taswira. 'Yan gari kuwa ba sa cewa komai sai an gama askin an ajiye aska, sannan su tambaye shi ya maigidansa, yana cin ciyawa dai ko.